Sunan da Shaida Ta Sha Bakwai Ta Ƙi Faɗa

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar Talatar da aka zaunar da ni a gaban alƙalai uku aka ce ko tari kada in yi. Ni Hajara, wadda ake jin muryarta tun daga bakin lif. Ku sababbin ma'aikata da kuka dame ni da tambayar yadda mai tuƙa tuwo ta shiga shari'ar tsohon shugaban ƙasa, to ga labarin, sau ɗaya zan ba da shi. Ban yi boko ba. Ina faɗa ana rubutawa, kuma na ce a karanta mini in ji, kada wani ya ƙara mini gishiri a miyata.

Shekarata goma sha ɗaya a Doha, duk a wannan kamfani namu da ke tura masu girki da masu gyaran ɗaki gidajen saukar baƙi. Shekara uku da suka wuce, saura wata biyu azumi, manaja ya kira ni ofis. Ya ce akwai wani gida a unguwar Al-Sadd, baƙuwa ɗaya ce, mako biyu ko uku. Suna neman mai girki da sharaɗi uku: ta ji Hausa, ta manyanta, kuma ta iya riƙe bakinta. Na ce masa biyun farko akwai su, na ukun sai dai a gwada.

Bari in yi muku bayanin yadda abin yake, don ni ma sai da aka yi mini. Akwai wata kotu ta duniya a Turai da ke shari'ar tsohon shugaban wata ƙasa ta wajenmu. Ana tuhumarsa da cewa lokacin mulkinsa sojojinsa sun shiga ƙauyuka sun ƙone, sun kashe mutanen da ko sanda ba su riƙe ba, kuma da saninsa aka yi. Mutumin ya sauka daga mulki, amma mutanensa ba su ƙare ba. Saboda haka wasu shaidun ba a barinsu su yi magana daga gida, kuma ba a kai su Turai. Sai a kawo su wata ƙasa ta daban a ɓoye, su zauna a gaban talabijin, alƙalai suna ganinsu suna ganin alƙalai. Jama'ar waje kuwa a rufe musu fuskar mai shaida, a sauya muryarsa, a ba shi lamba maimakon suna. Aka karanta mini takarda na dangwala yatsa: ba zan tambayi sunanta ba, ba zan tambayi garinsu ba, ba zan yi zancen shari'ar da ita ba. Shi ya sa ba za ku ji sunan ƙasar ko na mutumin daga bakina ba, kada ma ku fara.

Ranar Lahadi aka kawo ta. 'Yar siririya, ta girme ni da kamar shekara biyar, da ƙullin kaya ɗaya da carbi. Aka ce mini lambarta goma sha bakwai. Na ce ni ba zan kira babbar mace da lamba kamar motar bas ba, sai na ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Hausarta ba irin tamu ta Kano ba ce, amma muna jin juna sarai. Abin da ya fara damunta a Doha ba shari'a ba ce, sanyin na'ura ne. Ta ƙudundune cikin bargo ta ce, “Ƙanwata, mutanen nan rana a waje, hunturu a ɗaki, me suka yi wa Allah?” Shinkafar Larabawa da aka aiko ta kalle ta kamar baƙuwar 'yar'uwarta. Na sauka unguwar Bin Mahmud na sayo garin semo a shagon Ba'indiye, na kwance kukata da daddawar da nake ɓoyewa cikin leda uku saboda ƙorafin maƙwabta. Ta ci malmala biyu ta yi hamdala. Daga nan muka saba.

Mutum biyu ne ke zuwa kullum. Akwai lauyar masu ƙara, Baturiya doguwa, ba ta rabo da kofin shayin madara na nan da ake kira karak, har na sa mata Madam Karak. Sai tafinta, Kabiru, magidanci mai neman digiri na uku a nan Doha. Sunansa dai Bazazzage, amma a Legas aka haife shi, a Ingila ya girma. Hausarsa tsaf kamar ta gidan rediyo. Kullum sai ya zauna ya ce, “Inna, ku Kanawa dai har yau ba ku iya miya ba.” In ce, “To ajiye cokalin mana, bawana.” Bai taɓa ajiyewa ba.

Ƙarfe tara na safe sukan tafi da Yaya wani ofis a Lusail, su dawo bayan azahar. Shiri ake yi. Kabiru ya ce ba koya mata abin da za ta faɗa ake yi ba, wannan haramun ne a dokar kotu. Ana dai nuna mata inda za ta zauna, a karanta mata bayanin da ta bayar shekarun baya, ta ce haka ne ko ba haka ba.

Kwana huɗu lafiya lau. Ranar Alhamis suka dawo, Yaya ta wuce ɗaki ba sallama. Kabiru bai zagi miyata ba. Madam Karak ta tsaya a baranda cikin zafin nan tana waya har kofinta ya huce. Ranar Asabar suka zo da wata likitar masu damuwa, ta zauna da Yaya awa biyu, ta fito tana girgiza kai. Ni dai ina kicin, amma ku sani, mai girki ita ce ta fara sanin halin da gida yake ciki, don kwano ba ya ƙarya. Kwana uku kwanon Yaya yana dawowa yadda na kai shi.

Da la'asar na shiga na tarar tana ninke zannuwanta.

“Yaya, ina zuwa?”

“Sun ce jibi akwai jirgi.”

“Kin gama abin da ya kawo ki ne?”

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Sai ta ce, “Shekara goma ina jiran a tambaye ni. Da aka tashi tambaya, sai suka tambaye ni abin da ba a tambayar uwa.”

Na toshe kunnena na ce, “Tsaya nan, Yaya, na dangwala yatsa.” Na fita. Amma na riga na ji, kuma ba na bukatar ƙari. Don a kwanakin nan muna gyaran kuɓewa muna hira irin ta mata, ta gaya mini haihuwarta bakwai. Shida na ji sunayensu, har da mai ƙiwa da mai rowa. Na farkon kuwa kullum sai ta ce “wancan”, ko “babban nasu”, ta kau da kai. Ni kuma ban ga abin mamaki ba, don nawa na farin yana nan Kano da shekara arba'in da ɗaya da furfura a gemu, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ashe wancan ɗin ne aka kashe. Ashe sunansa suke so ta faɗa.

Ranar Lahadi da safe na tare Kabiru a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

“Kai, uwarka me take kiranka?”

“Kabiru mana, Inna. In tana jin daɗi ta ce Kabiruna.”

“Kai ne na fari?”

“Ni ne.”

“Innalillahi. To shi ya sa.”

Ya tsaya yana kallona. Na ga abin yana shigarsa a hankali kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ya dafe kai ya ce, “Kunyar ɗan fari! Inna, na san da ita a littafi, wallahi na ɗauka ta tafi da kakanninmu. Kuma mutum ya rasu, ga kotu...”

“Rasuwa ce ke cire kunya? Ai sai ƙaruwa.”

“Ko da na gane ma, doka ta hana ni ƙara komai. Aikina in juya abin da aka faɗa.”

Na ce, “To wanda ba a faɗa ba fa, wa zai juya shi? Maza, kira mini Madam.”

Madam ta zo, fuska ba annuri. Tambayarta ta farko, na yi zancen shari'a da baƙuwa? Ta ce in na yi, aikina ya ƙare a gidan, kuma shaidar matar ta lalace gaba ɗaya. Na ce ban yi ba, kuma ba zancen shari'a na zo yi ba, zancen 'ya'yana na zo yi. Na ce su biyar ne, ta tambaye ni sunayensu. Ta dubi Kabiru kamar ta ce tsohuwar nan lafiya, amma ta tambaya. Na lissafa mata huɗu. Ta ce ai na ce biyar ne, ina na farkon? Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ta sake tambaya. Na ce wa Kabiru, “Gaya mata ko za ta sa a soke mini takardar zama a kai ni filin jirgi yau, ba za ta ji shi daga bakina ba. Ba mantawa na yi ba. Ni na yi naƙudarsa kwana biyu.”

Ta ajiye kofin. Wannan shi ne karo na farko da na ga hannunta babu shi.

Ba ta yarda nan take ba, kuma ban ga laifinta ba, aikinta ke nan. Na ce ta sauka ƙasa, mai gadin ginin Basakkwace ne, ta tambaye shi abin da uwarsu ke kiran babban yayansu, kada ta gaya masa dalili. Suka sauka da Kabiru. Mai gadi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yayansu ya aurar da 'ya'ya uku, har yau “kai wannan” yake amsawa, kuma duk gida an san ba wanda tsohuwa ke so kamarsa.

Da suka hawo sai Madam ta yi mini bayanin abin da ya ruɗa su. Lokacin da aka ɗauki bayanin Yaya na farko, ƙanin mijinta ne a gefenta, shi ya faɗi sunayen mamatan aka rubuta. Shi kuma ya rasu. Yanzu lauyoyin tsohon shugaban suna cewa jerin sunayen nan na ƙauyensu ƙirƙira ce. To in aka kawo uwa gaban alƙalai ta kasa faɗin sunan ɗanta, za su ce hayarta aka yi, su bi ta kanta su rushe sauran shaidun. Shi ya sa ta yanke shawarar cire ta. Ta ce, “Me ya sa ba ta gaya mini ba?” Da Kabiru ya kai wa Yaya tambayar, sai ta ce, “Ita ba uwa ce ta haife ta ba?” A wurin Yaya, ko a Turai haka ake yi. Ta ɗauka wulaƙanta ta kawai ake so a yi.

Aka soke jirgi. Madam ta rubuta wa alƙalai takarda ta bayyana musu al'adar, aka ɗaga ranar da mako ɗaya. Suka amsa cewa za a nuna wa mai shaida hoto, magatakardan kotu ya karanta sunan, ita kuma ta ce e ko a'a. Yaya ta roƙi in zauna da ita. Ashe kotu tana yarda da mai rakiya, amma ya zauna a baya, ba magana, ba alama da ido, ba gyaran murya. Kabiru ya ce tunda aka kafa kotun ba ta taɓa yanke hukunci mai tsanani irin wannan ba. Na ce ya jira tuwon rana ya gani.

Ranar Talata muka hau hawa na ashirin da wani abu a Lusail. Yaya ta riƙe hannuna a lif tana salati har muka isa. Ɗaki ne ƙarami, an ja labule, ga talabijin kamar ƙofar gida. Ga alƙalai uku cikin manyan riguna, ga lauyoyi jere, ga tsohon shugaban can gefe. Na san shi a labarai da kaki da lambobi har kafaɗa. Yanzu wani tsoho ne cikin kwat, da tabarau da gorar ruwa, yana ta rubutu. Na ce a raina, ashe wannan ne.

Babbar alƙaliya ta yi wa Yaya barka da zuwa. Yaya ta gyara zama ta ce, “Ina kwananku? Ina gajiya? Ya iyali? Ya sanyin wajenku?” Kabiru ya juya duka, bai rage ko ɗaya ba. Alƙaliyar ta yi murmushi ta ce iyali lafiya. Sai da aka gama gaisuwa sannan aka yi rantsuwa.

Ba zan ba ku abin da ta faɗa ba. Ta faɗe shi dai a tsare, ranar kasuwa ce, motoci nawa, ta ina suka shigo, inda ta ɓuya, abin da ta gani da idonta. Da aka zo kan sunaye sai aka kashe sautin da ke fita wa jama'a, haka ƙa'idar take. Aka nuna hoton wani saurayi mai faɗin goshi, magatakarda ya karanta suna. Yaya ta kalli ƙasa ta ce, “Shi ne.” Na ce a raina shi ke nan, mun haye.

Ashe da sauran rina a kaba. Lauyan tsohon shugaban ya miƙe, mutum mai laushin murya, irin waɗanda nake tsoro. Ya yi mata ta'aziyya tukuna. Sannan ya ce, “Kin faɗi sunan 'ya'ya shida da bakinki. Wannan kuwa karanta miki aka yi kika ce e. Da wani sunan aka karanta, da shi ma kin ce e, ko ba haka ba? Ni ina gaya miki wannan ba ɗanki ba ne. Ba mu ma da tabbacin an taɓa yin wani mutum mai wannan suna a ƙauyenku.”

Madam Karak ta zabura ta ce kotu ta riga ta yanke wannan magana. Alƙaliya ta buɗe baki za ta tsawatar. Sai Yaya ta ɗaga hannu, kamar mai tsayar da yara a tsakar gida.

Ba lauyan ta kalla ba. Tsohon ta kalla. Ta ce, “Ranar Laraba na haife shi, shekarar da rijiyar gari ta rufta. Yana da tabon ƙuna a gwiwar hagu, ni na bar tukunya a ƙasa. Ba ya cin yaji.” Ta ja numfashi. Sannan ta faɗi sunan. Nasa da na ubansa, sau ɗaya, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga gona.

Kabiru ya buɗe baki, sai ya ga babu abin juyawa. Tsohon ya ajiye alƙalaminsa. Ban san abin da ke ransa ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, na dai ga ya ajiye. Ni kuwa, ni da na yi awa uku ko miyau a hankali nake haɗiya, sai na ji bakina ya ce, “Allahu Akbar!”

Alƙaliya ta ce, “Muryar wa nake ji?” Kabiru, ɗan halak mai bin doka, ya juya mata abin da na faɗa, ya kuma gaya mata mai rakiya ce. Aka ja mini kunne a gaban duniya, aka ce in na ƙara za a fitar da ni. Lauyan ya duba takardunsa ya ce ba shi da sauran tambaya a kan wannan.

Mota ta dawo da mu Al-Sadd. Muna shiga gida Yaya ta cire mayafi ta ce, “Ƙanwata, akwai sauran tuwon jiya?” Na ɗumama mata. Ta cinye tas, ta suɗe hannu. Ina kwashe kwano ta ce, ba ni take kallo ba, “Yana da rai ban kira shi ba, don kunya. Yau na kira shi don kada a ce ba a yi shi ba.” Na ce Allah ya ji ƙansa. Ta ce amin. Ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Ranar Alhamis ta tafi. Da na koma ofis manaja ya ce ya samu rahoto biyu a kaina, ɗaya na godiya, ɗaya kuma yana cewa na karya sharaɗi na uku. Na ce ai na gaya masa tun farko. Shari'ar kuwa in kun tambaye ni, har yanzu ana yi. Irin wannan shari'a ta fi ganda daɗewa a wuta. Kabiru yakan leƙo ni wani lokaci ya zagi miyata, ya ce yanzu in zai yi tafinta yakan saurari inda mutum ya yi shiru.

To ku da kuka shigo aikin nan jiya, ga abin da na ɗauka. Za a tura ku gidajen mutanen da ba ku san abin da ya kawo su ba, a ce ku dafa ku share ku yi shiru. Ku yi shirun, amma kada ku rufe ido. Ku dubi kwano in ya dawo. Masu manyan takardu sun san doka, kuma na ga suna aikinsu da gaskiya, amma akwai abin da ba ya cikin takarda, sai wanda ya tashi a gida irin na baƙon ne zai gane shi. In kun ga irin wannan, ku faɗa wa wanda ya dace, a kan ƙa'ida, sau ɗaya, ku koma kicin. Har yau ban san sunan matar nan ba. Na ɗanta na sani, kuma zai tafi kabari tare da ni, don ba nawa ba ne.

Ranar da ta tafi, ina gama wanke-wanke na buga waya Kano. Wancan ya ɗauka ya ce, “Inna, lafiya kika kira da rana tsaka?” Na ce, “Lafiya lau. Kai, ka ci abinci?” Ya ce ya ci. Na riƙe wayar ina jin numfashinsa, sunan yana nan a kan harshena. Sai na ce ya gaida yaran, na kashe.